Wuta a Ƙugu

Da nas ta manna mata wayoyin a ƙugu, tsohuwar ta runtse ido ta kama kalmar shahada. Shekara tara ciwon baya na cin ta, ƙwaya da sassaƙe duk sun gaza. Tun da likita ya ce sai dai a gwada sa wa jijiyar wuta, ta san tata ta ƙare, don ta taɓa ganin yadda lantarki ya yi da wata akuya a Faskari.

Nas ta murɗa 'yar na'urar. Wani abu ya bi bayanta kamar jerin tururuwa, har dariya ta kuɓuce mata. Bayan rabin awa ta miƙe, ciwon ya lafa.

Sai kuma ta koma ta zauna, ta rafka tagumi.

"Inna, mi ya faru?" in ji ɗiyarta. "Tashi mu tai gida."

"Wane gida? Jiya na bi duk garin Ruwan Godiya ɗaki ɗaki ina neman gafara. Har matar liman na hwaɗa mata ni na soye zakaranta bara. Ta ce ta yahe, amma don mutuwa za ni yi."