Kyandir a Kan Shebur

Ƙawata, ajiye wayar nan ki matso, yau kam sai na amayar da abin da ke cikina.

Ranar Talata da safe Kendall, shugabar gidan 'yan matan jami'a, ta tarar da kyandir a kan teburin cin abinci, fari sol, an ɗaura masa zobe da jan zare.

Kin dai san al'adar gidan ƙungiyar 'yan matan jami'a. In an yi wa ɗaya baiko, ba ta faɗa da baki. Sai ta ajiye kyandir da zobenta a ɓoye, a taru a yi da'ira, a kunna, ya riƙa bin hannu. A zagaye na uku mai zoben ta hure shi, a kaure da shewa. A shekarar lafiya abin murna ne. Amma wannan shekarar korona ce, Allah kada Ya maimaita mana.

Kendall ce ta rubuta tsarin zaman gidan, shafi goma sha huɗu, kuma da shi jami'a ta yarda su buɗe. 'Yan mata arba'in aka rage zuwa ashirin da biyu. Ɗakin karatu ya koma na killace mai tari. Babbar dokar kuwa, babu ɗalibar da za ta kusanci gidan samarin da ke bayan shinge, inda cutar ta kwantar da mutum tara. Duk Juma'a Kendall ke sa hannu cewa ba a karya ba. Ranar da aka karya, a rufe gida, kowa ya kama gabansa. Ita kuwa gaban nata gonar babanta ce a jihar Kansas, inda sai an hau rufin rumbu waya ke kamawa, ga shi shekararta ta ƙarshe ke nan.

Mako shida babu mai fita. To ta ina zobe ya shigo?

Kendall ta kwashi kyandir ta nufi ɗakin Mama Loretta, dattijuwar da ke kula da gidan tun rasuwar mijinta, wadda ko tarinta aka ji a bene kowa sai ya gyara takunkumi.

"Mama, an kashe mu. Wata ta tsallaka shinge."

Mama ta ɗaga zoben wajen haske. "Zobe ne na mutunci. Samarin yanzu ba su san irinsa ba."

"Mama, gida za a rufe, ke kina yabon zobe!"

"Sannu a hankali, 'yata. Allah bai taɓa barin gidan nan a titi ba."

Kendall ta fara bincike da wata ɗaliba, Paisley, don kowa ya san saurayinta Tucker yana can bayan shinge.

"Ni?" in ji Paisley. "Tucker da har yau uwarsa ke aiko masa da safa? Ranar da ya ba ni zobe, ki duba da kyau, Shugaba, marfin kwalba ne."

Kendall ta duba tagogi, ta duba ƙofar baya. Ta tuna da kwandunan shara, don na gidajen biyu a gindin shinge suke. Amma wannan hanyar ma a toshe take: tun makon farko Mama ta hana kowa zuwa can, ita ke janyo jikinta da ciwon gwiwarta ta kai. Takan daɗe, ta dawo tana mita cewa Otis, tsohon da ke dafa wa samari abinci, har yau bai koyi rufe kwando ba.

Da dabara ta ƙare, Kendall ta ce to a yi bikin, mai laifi ta tona kanta. Ba za ta sa hannu kan ƙarya ba, ko da rufin rumbu ne makomarta. Ta zauna ta ƙara shafi na goma sha biyar: a tsakar gida za a yi, kowa da takunkumi, taku shida tsakani, babu hurawa, da kofin shayi za a kife wutar. Kyandir kuwa, tunda hannu ba ya kaiwa, a kan shebur ɗin kwashe ƙanƙara zai zaga.

Alhamis da la'asar aka yi da'ira. Mama tana daga gefe, riƙe da kofi, wai duk mai son kashe wutar ta ɗaga hannu.

Shebur ya zaga sau ɗaya. Sau biyu. Aka shiga na uku. Ya iso gaban Paisley, ta ɗaga hannu. Aka ɗauke numfashi. Ashe hancinta za ta sosa.

Ya zaga na huɗu, babu wadda ta motsa.

"Ku ji tausayin kafaɗunmu," wata ta ce. "Ko shebur ɗin aka yi wa baiko?"

Dariya ta ɓarke. Kendall ta ji kamar an sauke mata dutse. Lalle tsokanar samari ce, in ji ta, su da ba su da aiki sai tari.

"Mama, don Allah kashe mana shi, kowa ya huta."

"Sai yanzu kika tuna da ni," in ji Mama. Ta tako a hankali, ta kife wutar da kofi, ta ce, "Allah mun gode." Aka watse.

Washegari Kendall ta sa hannu da zuciya ɗaya: babu ɗalibar da ta kusanci shinge. Kuma Allah shaida ne, gaskiya ta rubuta. Gida bai rufu ba, ta karɓi takardar digirinta a watan Mayu.

To ƙawata, ki rufa mana asiri, kada ki gaya wa kowa, balle Kendall da har yau take zargin Paisley: ɗalibai tsarinta ya hana zuwa shinge, bai ce uffan kan mai kai shara ba, kuma zoben nan yana can daram a yatsar Mama Loretta, amaryar Otis.