Dodo Mai Ido Ɗaya

Wa ya koya wa yarinya ƙarama irin wannan mugunta? Kakarta, Teta Nuhad, ta yi jifa da kwarashin saƙa.

Tun makon jiya take saƙa wa jikarta Jumana ɗan dodo na bikin Barbara, ranar da yaran garin Zahle na ƙasar Lebanon ke rufe fuska suna bin gidaje ana ba su dafaffiyar alkama mai zaƙi. Ta cusa masa auduga, ta yi masa ƙahonni da murmushi. Yanzu kuma yarinyar ta ce a cire masa ido ɗaya, a saƙa jan tabo a kuncinsa.

"Ke, mara kunya! Ai fuskar ubanki ce wannan! Wutar gidan burodi ta ƙona shi yana nemo miki abinci, shi ne za ki mai da shi dodo? Hannuna ya shanye idan na saƙa!"

Jumana ba ta yi kuka ba. Ita ma a fusace take.

"Teta, bara duk yaran unguwa tsallake ƙofarmu suka yi, don tsoron fuskar Baba. Baba ya zauna da tukunyar alkama har ta huce. Idan suka saba rungumar wannan, bana ba za su gudu ba."

Tsohuwar ta ɗauko dodon. Sannan ta kama idonsa na hagu ta fara warwarewa.

"Miƙo min jan zare. Su nawa ne, 'yan banzan yaran, in saƙa wa kowa nasa?"