Ɗakin da Ya Gina wa Auta

"Ba inda za ta fita!" in ji Mai Inji, ya datse ƙofar ɗakin da kwaɗo.

Tun da gubar dalma ta fara kwashe yaran unguwa ya hana 'yarsa Auta taka tsakar gida. Ƙurar dutsen zinare ce ke kashe su, kuma shi ke niƙa dutsen, ya fi kowa sani. Shi ya sa ya gina mata sabon ɗaki da hannunsa, bango sumul har yana ƙyalli.

"Baban Auta, yarinya ce fa, ba akuya ba," in ji matarsa. "Ka bar ta ko iska ta sha."

"Gara ta yi kuka a ɗaki da mu yi kuka a maƙabarta."

Auta ta yi kukan har ta gaji. Ba abokin wasa sai bango. Ta rame, ta daina magana, ran nan jijjiga ta kama ta.

Ya rugo da ma'aikaciyar lafiya yana rantsuwa: "Wallahi ko ƙofa ba ta leƙa ba!"

Ma'aikaciyar ta ɗora na'urar gwajin dalma a tsakar gida, ba wani abin tsoro. Ta ɗora a bangon ɗakin, sai ta ja da baya.

"Malam, da wace ƙasa ka yi wannan yaɓen?"

Ya ce: "Ragowar garin dutse ce, bayan an tace zinare. Ta fi laushi. Ai wankakkiya ce..."

Ta nuna masa gindin bangon. Daidai tsayin Auta, duk gurbin ƙananan haƙora ne.