Gawayin Inna

Mu goma sha ɗaya Inna take koya wa karatu a tsakar gidanmu na Maigatari, da gawayi a bayan ƙyauren langa-langa. In muka haɗa baki, wallahi har Nijar ana jin mu.

Wata la'asar Kawu ya zo daga Gumel zai tafi da ni, wai nan ba karatu ake ba, kiwon awaki ne.

Inna ta miƙa masa gawayin. "Yaya, bakwai sau takwas. Rubuta, ka ɗau yaron."

Kawu ya tsaya gyaran hula. Autarmu, majina har baki, ta ce, "Hamsin da shida, Kawu!"

Shi kaɗai ya hau babur ɗinsa. Har gobe, duk mai cewa ban yi makaranta ba, ya zo mu gwada.