Takardar da Aka Ninke

"Buɗe takardar nan in karanta," in ji majinyacin, yana dafe da cikinsa.

Likitar ba ta buɗe ba. Ta riga ta ninke takardar izinin tiyatar gida uku, layin sa hannu kaɗai ke waje. Ta tura masa biro.

"Sa hannu kawai. Sauran tsoro zai ba ka."

"Ta wace hanya za ki cire min matsarmamar?"

"Sabuwar. Ta ɗan huji, da kyamara."

"Sau nawa kika taɓa yi?"

"Ko sau ɗaya. Na dai je bitar kwana biyu."

Ya yunƙura zai tashi, ciwo ya mayar da shi. "Ke, kanki ɗaya kuwa? A jikina za ki koyi aiki? Wallahi sai na sa an ƙwace lasisinki."

Ta jawo kujera ta zauna, ta zuba masa ido.

"Shekara uku ina tsaye bayanka a ɗakin tiyata, Malam. Kai ka koya min wannan ninkin. Bitar kwana biyu ka je, ka dawo ka gwada a kan mutum tara. Matar gado na huɗu ta yi maka tambayar nan, ka ce ta cika surutu. Ni ka tura na gaya wa 'ya'yanta ta rasu."

Babban likitan, wanda yau shi ne majinyaci, ya kalli ninkakkiyar takardar.

Ta warware takardar, ta ɗora masa a ƙirji.

"Karanta. Tsohuwar hanya zan bi, wadda na iya. Tsoron nan da ka sha kuwa, na matar gado na huɗu ne."