Ɗakin Inna da Rigar Siminti

A gidan wani maɗinki, ɗakin mahaifiyarsa babu shi yanzu, sai fili da ake shanya barkono a kai. Ɗakin ƙasa ne na tubali, mai kaurin bango da rufin azara, wanda ko a tsakiyar bazara ruwan randa ba ya ɗumi a cikinsa. Lokacin da tsohuwar take da rai, duk shekara kafin ruwa ya sauka sai ta sa a kwaɓa jar ƙasa da ciyawa a yaɓe shi ta waje, ita kuma ta shafe cikin da hannunta, har shatin yatsunta ya zauna a bango. Da ta rasu, wannan shatin ne abin da ya rage wa ɗan nata. Yakan shiga bayan la'asar ya ɗora tafinsa a kai, ya ɗan jima, ya fito. Sai tsoro ya kama shi kada wata damina ta cinye ɗakin. Ya sayo siminti ya sa aka lulluɓe bangon ta waje tun daga tushe har sama, aka malale daɓen, aka toshe 'yar tagar da iska ke bi don kada feshi ya shiga. Bangon ta ciki kuwa ya hana a taɓa. Yayarsa ta zo ta gani, ta ce, "Kai ƙanena, ka sa wa ɗakin Inna rigar leda, to ta ina zai yi gumi?" Ya ce, "Yaya, ke dai kin saba da wahalar yaɓe. Ni na gama da ita."

Ɗaki ya yi kyau, masu wucewa suna yabawa, yaɓe kuwa ba a sake yinsa ba. Amma bangon ƙasa yana shan ruwa ne ya kuma fitar da shi idan rana ta buɗe. Danshi ya riƙa hawowa daga tushe, ruwa ya riƙa sulalewa ta wata 'yar tsaga a sama, duk suka taru a bayan siminti ba hanyar fita. Daga waje ba a ganin komai, sai dai in ka ƙwanƙwasa ka ji sauti kamar ganga. Wata shekara aka yi marka mai tsawo, da hantsi maɗinkin yana kan keken ɗinkinsa ya ji ƙara. Simintin ya ɓare kamar ɓawon ƙwai, bangon da ke bayansa ya zube ya zama taɓo, azara ta biyo shi. Ba wanda ya ji ciwo. Ya tona da hannunsa har azahar yana neman ko da ɓantare ɗaya mai shatin yatsa, bai samu ba.

Ku taya shi da addu'a, Allah Ya jiƙan tsohuwar nan, mu kuma Ya tsare mu daga abin da Hausawa ke cewa: garin neman gira, a rasa ido.