Ranar da Aka Rufe Ƙofar Ruwa

Yana faɗawa magudanar ruwan madatsar Bakolori a gaban 'yan'uwansa mahautan Mafara, sai ya ji ruwan ya yi masa nauyi. Wata uku yana iyo a nan yana auna saurinsa da agogo, yana shirin gasar iyo da keke da gudu, yana cika musu baki cewa a iyo ba shi da na biyu. Yau da ya gayyato su, ya yi ta dukan ruwa har numfashinsa ya ƙare, bai wuce mangwaron farko da ke bakin ruwan ba.

Ya fito yana tari, kansa a ƙasa.

Tsoho mai gadin madatsa ya miƙo masa rigarsa, ya rage murya.

"Yau an rufe ƙofa, ruwan ba ya gudu, ɗana. Wata ukun nan ruwa ne ke tafiya da kai, kai kana duban agogo."